Kujerar Bayan Mai Ƙwai

Idan aka ce in lissafa mutanen da ba na son haɗa hanya da su a layinmu, Mai Ƙwai ne zai zo na farko, kuma ba na jin akwai wanda zai yi mini gardama. Shi ne direban bas ɗin da ke kai yaranmu makaranta. A gabansa Baba muke ce masa, saboda furfura da kuma gudun bala'i, yana juya baya mu koma Mai Ƙwai. Dattijo ne dogo, busasshe, fuskar nan kullum a murtuke kamar wanda aka ɗauke wa takalmi a ƙofar masallaci. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ƙare maka kallo tukuna ya ga ko da wata manufa ka zo, sannan ya amsa da hanci.

Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne, don matarsa ba ta iya riƙe magana, kuma layin famfo ɗaya muke bi. Ya fara bin mota tun yana ɗan shekara goma sha uku. Da ya zama direba ya ɗauki siminti, ya ɗauki katako, sannan ya yi shekara goma sha bakwai yana jigilar ƙwai daga wata gonar kaji zuwa cikin gari. Can ya samo sunan, can kuma ya samo halin, in ji matar. Mai ɗaukar ƙwai ba ya gudu, ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya kunna rediyo, ba ya hira da kowa, don da kunne yake gadin kayansa. Kiret in ya goce yana da ƙarar da yake yi, shi kuma yana jin ta tun daga gaba ba sai ya waiwaya ba. Ranar da ɗan mai gonar ya karɓi ragama ya ce masa daga yau sawu uku zai riƙa yi maimakon biyu, sai ya kashe motar a tsakiyar harabar, ya ɗora masa makulli a kan kiret, ya faɗa masa maganar da matar ta ce bakinta ba zai iya maimaitawa ba, ya tako da ƙafa har gida. Bayan wata huɗu ya sayo tsohuwar bas mai kujera goma sha huɗu, ya je makaranta ya ce a ba shi yara.

Ya yi faɗa da ƙungiyar direbobi, ya yi da mai wankin mota, ya yi da surukinsa, ya yi da mai shagon da ke ajiye benci a inda yake juya mota. 'Ya'yansa uku sun yi aure sun yi nisa, kuma na lura ba sa yawan leƙowa. Matar ta yi yaji sau biyu tana dawowa da ƙafarta. Ta ce mini duk gidan da ta je sai ta ji zaman lafiyar ya yi mata yawa, ta kasa sakewa.

Yaran ma bai ɗauke su yara ba, kaya ya ɗauke su. Bai taɓa wahalar da kansa ya riƙe sunan ko ɗaya ba, da inda yake ɗaukarsu yake kiransu. Akwai Bakin Famfo, akwai Kwana, akwai Gidan Bene na ɗaya da na biyu, waɗannan tagwaye ne maza. 'Yata kuwa Koriyar Ƙofa ce, don ƙofar gidan da muke haya koriya ce.

Shekararta tara a lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Babanta ne ya sa mata Tsuntsuwa, saboda yadda take kaɗa hannuwa in ta ji daɗi. Tana da shekara huɗu likita ya ce galahanga ce, su a asibiti otizim suke cewa. Magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ba ta son a taɓa ta ba zato, ƙara mai kaifi tana gigita ta, kuma abu in ta saba da shi, to haka za a yi shi gobe, haka za a yi shi jibi. A duk garin makaranta ɗaya muka samu mai ajin irin yaran nan, aji guda, malama guda, yara bakwai, kuma tana can ƙetaren gada. Ni ina aikin sa burodi a leda a wani gidan burodi, ƙarfe bakwai nake kama aiki. Babanta yana wata masana'anta a wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. In babu kujera a bas ɗin Mai Ƙwai, babu makaranta, babu aikina, sai dai mu zauna ni da ita a ɗaki muna kallon bango. Mun taɓa yin wannan zaman shekara biyu cur, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana shi.

Ranar farko da na kai masa ita, na shirya jawabi tun daga ɗaki, irin wanda na saba yi wa kowa, na ban haƙuri tun kafin a yi laifi. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Tana amai a mota?"

"A'a, Baba."

"Tana taɓa hannun ƙofa?"

"A'a. Amma ka ga ita, lalurarta..."

"Ban tambaye ki tarihi ba. Bayana za ta zauna, gefen taga. Shida da minti arba'in. In kin makara ki same mu a makaranta."

Shekara biyu ta yi a wannan kujerar. Da zarar ta zauna sai ta fara gunjinta a hankali, wata 'yar murya da take ja da baki a rufe, tana ƙwanƙwasa ƙarfen bayan kujerarsa da murfin kwalba, tun daga ƙofarmu har ƙofar makaranta. Bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa yi mata murmushi ba. A kowane gida hon yake dannawa kamar zai tashi matattu, a namu kuwa sai ya miƙa hannu ta taga ya bubbuga jikin motar sau biyu. Na daɗe ina ɗauka raini ne, wato mu 'yan haya ko hon ɗin ba mu kai a kashe mana ba. Sau ɗaya na makara da minti uku, na fito na tarar da hayaƙinsa kawai. Da na yi masa magana washegari, cewa ya yi agogona na siyar ko na aro ne.

Sai aka rufe gada za a gyara. Aka karkatar da motoci ta tsohuwar hanyar kasuwa, inda masu walda da masu yankan ƙarfe suka jeru hagu da dama, kuma mutanen nan tun da sanyin safiya suke tayar da injinansu. Ranar farko Tsuntsuwa ta dawo da murya a dishe. Rana ta uku malamar ajinsu ta kira ni ta ce sai an yi awa guda ana lallashi kafin ta zauna. Rana ta biyar ta ciji ɗaya daga cikin tagwayen Gidan Bene a tafin hannu, har jini ya ɗan fito.

Maman Tagwaye mace ce mai mayafi mai tsada da murya mai laushi, irin wadda za ta yanka ka tana yi maka addu'a. Kafin azahar hoton hannun yaron ya zaga guruf ɗin iyaye a waya, ta ɗauke shi ta fuska huɗu. A ƙasa ta rubuta cewa ita ba ƙin yarinyar take ba, Allah ya ba ta lafiya, amma irin waɗannan ai akwai inda ya kamata a ajiye su. Na karanta ina tsaye gaban tebur, burodi na tahowa ina kasa kamawa. Wasu suka sa hoton hannu na addu'a, wasu suka ce gaskiya ne, su ma 'ya'yansu suna dawowa da ciwon kai. Mutum ɗaya bai tambayi abin da ya sa yarinyar da ta yi shekara biyu lafiya ta fara ihu ba. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ba ni ruwa mai sanyi, ta ce motar ta Baba ce amma makaranta ce ke ba shi yara, don haka an ba ni sati biyu. In abin bai lafa ba, sai in nemi wata hanyar kawo ta.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo shawarar, muna cin abinci a bayan tanda. Ta ce ita in za su yi doguwar tafiya, maganin mura na yara take ɗan ba nata, irin mai sa barcin nan, su yi luf har a isa. Ba zan ɗora mata laifi ba, da ƙafata na je kemis, da hannuna na buɗe kwalbar. Tsuntsuwa ba ta taɓa yi mini gardamar magani ba. Duk abin da na ɗebo a cokali buɗe baki take yi, don ni ce, ta yarda da ni. Na ba ta da safe kafin in sa mata takalmi, ina ce wa kaina na 'yan kwanaki ne, kafin a buɗe gada.

Ya yi aiki. Guruf ya yi tsit. Har Maman Tagwaye ta yi mini murmushi a bakin shago.

Rana ta biyu da yamma, da ya sauke ta, Mai Ƙwai bai ja mota ba.

"Ke. Me ya sami Koriyar Ƙofa?"

"Mura take yi, Baba."

"Ban ji tari ba."

"To ai ba kowace mura ke zuwa da tari ba."

Ya dube ni har sai da na kawar da kai, sannan ya ja motarsa. Na shiga gida ina zaginsa a ciki. Kowa ya samu sauƙi, shi da ya kamata ya fi kowa murna, shi ne zai tsaya yi mini binciken ƙwaƙwaf.

Rana ta tara na fito da ita ina riƙe da kafaɗarta, don ƙafafun suna ɗan harɗewa. Murfin kwalbar da take ƙwanƙwasawa da shi ma a ɗaki ta bar shi, kwana nawa ba ta neme shi ba. Na ɗora ta a kujera, kanta ya tafi ya jingina da gilashi. Sai na ji ya kashe mota. Ya fito, ya zagayo, ya sunkuya daidai fuskarta ba tare da ya taɓa ta ba, ya shinshina. Sannan ya miƙe.

"Sauke ta."

"Baba, na makara wajen aiki."

"Na ce sauke ta. Ni yara nake ɗauka, ba na ɗaukar buhu."

"Wai me na yi maka ne? Ina ruwanka da abin da na ba 'yata? Kai ka haifa mini ita?"

"Kwana takwas ina tuƙi ba na jin komai a bayana. Sau biyu ina tsayawa a hanya in leƙa ko tana numfashi. In ta shaƙe da yawunta a motata, ke za a tambaya ko ni? Sauke ta, kada in sauke ta da kaina ta firgita."

Ƙofofi suka fara buɗewa a layin. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya matso. Yaran cikin mota suka manna fuska a gilashi. Na yi masa wankin babban bargo, na ce tsoho ne mara tausayi wanda 'ya'yan cikinsa ma suka gudu suka bar shi, na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ko a jikinsa. Ya tsaya riƙe da ƙofa har na sauko da ita, ya rufe, ya ce gobe in ta zo da idonta biyu kujerarta na nan. Ranar ban je aiki ba. Na zauna a bakin katifa ina kallonta tana barci da bakinta a buɗe har ƙarfe goma sha ɗaya, na yi kuka, na tashi na juye sauran maganin a makwarara. Amma shi ban yafe masa ba, don da ya so ai zai iya ja na gefe.

Washegari ihu ya dawo, guruf ma ya farka. Ranar da sati biyun ya cika shugaba ta kira taro bayan an tashi. Aka zaunar da mu a ajin 'yan aji uku, manya a kan ƙananan kujeru gwiwoyi na taɓa tebur. Iyaye tara suka zo. Malamar su Tsuntsuwa tana gefe da littafinta. Mai Ƙwai ya ƙi zama, ya tsaya jikin ƙofa yana jujjuya makulli.

Maman Tagwaye ta fara, da sallama da godiya da addu'a ga dukkan marasa lafiya. Ta ce ita uwa ce, ta san zafin ɗa, amma haƙƙin yara goma sha uku ya fi na ɗaya. Shugaba ta juya ta ce, "Baba, kai ne a cikin motar. Yarinyar nan hatsari ce ga sauran ko kuwa?"

"Shekara biyu tana bayana ba ta taɓa cizon kowa ba," in ji shi. "Ranar da ta yi, Gidan Bene na biyu ne ya miƙo hannu daga baya ya toshe mata baki. Ni ma in aka toshe mini cizo zan yi, kuma nawa haƙoran sun fi nata tsawo."

"Baba, ɗana yana da suna," in ji Maman Tagwaye.

"Ki riƙe abinki. Ihun daga kwanar masu walda yake farawa, a gidan mai yake ƙarewa. Minti shida ne, na auna. Akwai hanya ta bayan filin ƙwallo, ba walda ba inji, na bi ta ranar Lahadi. Ta fi tsawo. Daga Litinin shida da kwata zan fara ɗauka, har a buɗe gada."

Ajin ya kaure. Wani ya ce shi ba zai tashi 'ya'yansa da duhu ba saboda 'yar wani. Wata ta ce ko karyawa ba za su samu yi ba. Maman Tagwaye ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta juyo ta dube ni da wannan murmushin nata.

"Ni abin da ban gane ba, ai kwanakin baya shiru ta yi, kwana tara ba wanda ya ji ta, kuma ta hanyar masu waldar aka bi. Wato in uwar ta ga dama tana iya tsawata mata. Ashe ba lalura ba ce kaɗai, akwai sakaci a ciki. Don me za a tashe mu da asuba a kan abin da tarbiyya za ta gyara?"

Kawuna suka fara gyaɗawa. Shugaba ma ta dube ni tana jiran amsa. Na kalli Mai Ƙwai, kuma wallahi roƙonsa nake da ido, ban taɓa roƙon mutum haka ba. Ya gani sarai.

"Shirun da kika ji na magani ne," ya ce. "Maganin barci uwar take ɗura mata kullum da safe don ku samu ku sarara. Ni na hana. Wannan ce tarbiyyar da kike yabo. In ita kuke so a ci gaba, ku faɗa da bakinku yanzu a gaban shugaba, malama ta rubuta, kowa ya sa hannu."

Na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa. Malamar ta buɗe littafinta a hankali ta ce ita ma ta rubuta, kwana takwas yarinyar ba ta ɗaga kai daga tebur sai wajen sha ɗaya, har ta yi niyyar kirana. Shugaba ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce makaranta ba za ta cire yarinya daga mota a kan wannan ba, lokacin tashi kuma tsakanin iyaye ne da direba. Maman Tagwaye ta tattara mayafinta ta ce to ita ta cire nata. Mai Ƙwai ya matsa daga bakin ƙofa ya ba ta hanya, ya ce ta gaida gida.

Na tare shi a wajen mota.

"Ka ji daɗi? Ka tona mini asiri a gaban duniya, ka huta?"

"Kujera kika zo nema ko suna?"

"Da ka bar ni na faɗa da bakina!"

"Na ba ki lokaci, kika tsaya kallona. Shida da kwata. Matsa, zan yi baya."

Kafin magariba labarin ya riga ni isa layinmu. A bakin famfo mata suka riƙa yin shiru in na iso. Wata da ko gaisawa ba ma yi ta aiko 'yarta ta tambaye ni wai wane irin magani ne, don ta san wanda za ta guje wa. Ƙanwar mijina ta kira yayanta ta shafa masa, shi kuma ya kira ni, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Tsuntsuwar tawa?" na gwammace ya zage ni. Duk wannan Mai Ƙwai ne ya jawo mini, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta kawo wuya.

Ranar Litinin bas ta iso shida da kwata, kujeru shida babu kowa. Matarsa ta ce mini ko uffan bai ce a kan yaran da suka tafi ba, sai ma cewa da ya yi motar ta fi sauƙin hawa tudu. Tsuntsuwa ta dawo ranar da muryarta garau, tana kaɗa hannuwa tun daga bakin ƙofa. Na daina gaishe shi. Ban ga alamar ya lura ba.

Bayan sati uku kunnenta na dama ya kama ciwo. Ta riƙa dukan gefen kanta da tafin hannu, ranar Juma'a na ga ruwa na fita. Likita ya duba ya rubuta magani na ruwa, safe da yamma har kwana bakwai, ya ja mini kunne kada a tsallake ko sau ɗaya. Na dawo gida na girgiza kwalba, na ɗebo a cokali, na ce ta buɗe baki kamar yadda muka saba.

Ta kalli cokalin, ta kalle ni. Sai ta ja da baya har ta kai bango, ta datse haƙora. Na matsa, ta kaɗe hannuna, maganin ya fantsama a labule. Na sake ɗebowa ta shige ƙarƙashin gado. Na zuba a shayi, ta shinshina ta ture kofin, daga nan ko ruwa na miƙa mata sai ta ƙi, sai dai ta je ta ɗiba da kanta. Ni da nake cewa ba ta gane komai ba, ashe tana sane da kowace safiya a cikin taran nan. Na yamma ya wuce, na safiyar Asabar ma ya wuce, jikinta ya ɗau zafi, tana ta dukan kunnen tana wani siririn kuka da ban taɓa ji ba.

Na daɗe zaune da kwalbar a hannu ina neman wani mutum daban a duniya da za ta yarda da shi. Sannan na sa mata takalmi, na ɗauki takardar likita da cokali, muka nufi gidan Mai Ƙwai a ƙarshen layi.

Yana wanke bas a ƙofar gidansa, wando a naɗe. Tsuntsuwa na ganin motar ta saki hannuna ta hau, ta zauna a kujerarta. Na tsaya nesa kaɗan, na yi sallama a karo na farko cikin sati uku. Kwalbar kawai yake kallo.

"Na kunne ne, Baba. Ta ƙi karɓa a hannuna."

Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya nesanta ta da idonsa ya karanta rubutun jiki, harafi-harafi, yana motsa baki. Ya buɗe ya shinshina.

"Takardar likita fa?"

Na miƙa masa. Ya haɗa sunan da ke takardar da na jikin kwalba, ya duba kwanan wata, a gabana, kamar wanda ya kama ɓarauniya da kaya. Matarsa ta leƙo ta koma. Sai ya karɓi cokalin, ya je ya tsuguna a bakin ƙofar motar, ƙasa da ita, bai kalli idonta ba. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mata, ya taɓa nasa kunnen na dama. Ya ɗiga kaɗan a yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Koriyar Ƙofa. Wannan na kunne ne. Ba na barci ba ne. Ba daɗi, amma kunnen zai daina. Ina nan, motar ma ba inda za ta."

Ya zuba, ya riƙe cokalin a tsakaninsu bai kai mata ba. Ina jin ruwa na ɗiga daga jikin motar. Ta daɗe tana kallon yatsan da ya lasa. Sannan ta matso da kanta ta buɗe baki.

Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya miƙo mini cokalin ta wutsiya.

"Ke kin taɓa faɗa mata ko na mene ne kafin ki ɗura mata?"

Gaskiya ne, ban taɓa ba.

"Ki wanke shi da kyau. Ƙarfe biyar ki dawo da ita. Kada ki makara."

Sau goma sha huɗu na yi wannan tafiyar zuwa ƙarshen layi, safe da yamma, a gaban duk matan da ke bakin ƙofofinsu. Shi yake ba ta, ni ina tsaye a gefe riƙe da murfi. A rana ta bakwai, da ya zuba na ƙarshe, sai ya miƙo mini cokalin a cike ya ce in gwada. Na tsuguna inda yake tsugunawa, na faɗa mata na kunne ne, na lasa a gabanta, na ce ta yi haƙuri, na faɗa har sau biyu. Ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. Sannan ta kama hannuna da nata biyun, a hankali don kada ya zube, ta tura shi wajen Mai Ƙwai.